Yadda Ake Tantance Ko Haƙƙin Mallakar Tsohon Fim Ya Ƙare

Tsufan fim kaɗai ba ya mayar da shi mallakar jama'a, saboda haka kafin ka ɗora wani tsohon fim a intanet ko ka nuna shi ga 'yan kallo, ya kamata ka bi waɗannan matakai da natsuwa.

Da farko, gano shekarar da aka fara fitar da fim ɗin da ƙasar da za ka yi amfani da shi, domin dokar wannan ƙasa ce za ta hau kanka. A Amurka, tsofaffin finafinai suna samun kariya ta shekara 95 daga fitowarsu, shi ya sa Steamboat Willie na 1928 ya zama na kowa ranar 1 ga Janairu, 2024. Indiya kuwa shekara 60 take ƙirgawa. A Tarayyar Turai lissafin ya sha bamban, domin ana jiran shekara 70 bayan mutuwar wanda ya riga mu gidan gaskiya a ƙarshe tsakanin darakta, marubucin labari, marubucin zantuka da mai kiɗan fim. Metropolis na 1927 ya kuɓuta a Amurka tun 2023, amma a Jamus sai ƙarshen 2046, tunda daraktansa Fritz Lang ya rasu a 1976.

Mataki na biyu ya shafi finafinan Amurka da suka fito kafin 1964. Doka ta wajabta a sabunta rajistarsu bayan shekara 28, kuma wanda ba a sabunta ba ya faɗa hannun jama'a, sai ka bincika kundin Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka. Duba kuma ko fim ɗin yana ɗauke da sanarwar haƙƙin mallaka, domin rashinta ne ya sa Night of the Living Dead na 1968 ya rasa kariya tun fitowarsa.

Mataki na uku shi ne wanda na fi jan hankali a kai, saboda nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Fim na iya kuɓuta alhali labarin da aka gina shi a kai ko kiɗansa yana ƙarƙashin kariya, kamar yadda ya faru da It's a Wonderful Life na 1946, wanda ba a sabunta rajistarsa ba, amma aka dawo da iko a kansa ta hanyar labarin asali da kiɗan. Haka nan kwafin da aka gyara aka sa masa sabon kiɗa ko fassarar rubutu yana da nasa haƙƙin, don haka ka nemi kwafin asali, ka kuma ajiye shaidar binciken da ka yi.