Yadda za ka fara kallon fina-finan Pedro Infante ba tare da ka ɓata data ba

Abu na farko dai Pedro Infante mawaƙi ne kuma ɗan wasan fim na ƙasar Meziko, amma kar ka fara da waƙoƙinsa zalla, nan ne mutane da yawa ke gajiya su bari. Ya yi waƙa sama da 300 kuma dukkansu da Sifaniyanci ne, in ka tara su a waya kana ji baka san mutumin ba zaka ga kamar duk iri ɗaya ne. Fara da fim, waƙar zata same ka a ciki.

Amma ka ɗan san waye shi tukuna. An haife shi 1917 a Mazatlán cikin jihar Sinaloa ta ƙasar Meziko, ya taso a Guamúchil, ɗan talakawa ne, kafinta ya koya tun yana yaro har jita ya sassaƙa ma kansa. Ka riƙe wannan maganar kafintar a ranka don zata yi maka amfani.

Sai ka shiga YouTube ka rubuta Nosotros los pobres, na 1948, ma'anarsa mu talakawa. Masu tura fim a memori nan Gusau da wuya su same shi, kar ma ka wahalar da kanka. Fari da baƙi ne saboda haka ka rage ingancin hoton zuwa 360, ba abin da zaka rasa, ka sauke shi da datar dare in wayar na da caji. Ka kunna fassarar rubutu ta ƙasan hoto in akwai, in babu ma wallahi fuskarsa ta isa. A ciki ya fito a Pepe, kafinta a unguwar marasa ƙarfi cikin birnin Meziko da aka ɗora ma laifin kisan da bai yi ba, kuma ka lura da yadda yake riƙe kayan aiki, hannun wanda ya san katako ne ba na ɗan wasan da aka koya ma jiya ba. Nan zaka ji Amorcito corazón, waƙar da ake haɗawa da fito. Wanda ya taso yana jin Ɗanƙwairo ya san murya na iya kama mutum tun kafin ya tsinci kalmomin, to haka wannan take.

Daga nan ka bi fina-finai biyu na ci gaban labarin a jere, kar ka tsallake, Ustedes los ricos shima 1948 sannan Pepe el Toro 1953 inda ya koma ɗan dambe. Duk ukun darakta ɗaya ne, Ismael Rodríguez. Na biyun kar ka kalle shi a majalisa ana hira ana shan shayi, akwai wurin da ƙaramin ɗansa ya mutu a gobara ya rungume gawar yana tuna wasan da suke yi, dariya na kuɓuce masa tana komawa kuka, gaskiya ni ban ga ɗan wasan da ya yi baƙin cikin uba kamar haka ba. Ka samu wuri shiru ka sa iyafis.

In zuciya ta yi nauyi ka nemi Dos tipos de cuidado na 1953, shi da Jorge Negrete, wani mawaƙin Meziko, suna zambo da habaici da waƙa. Sai dai ka sani fina-finan nan akwai mashaya da giya sosai a ciki, ka fara dubawa kai kaɗai kafin ka kunna gaban yara.

Tizoc ka bar shi na ƙarshe. Shi da jaruma María Félix suka yi, ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin fina-finai na Berlin 1957 amma bai ga kyautar da idonsa ba don ya mutu kafin a bayar. Mutum ne mai son tuƙin jirgin sama, ya taɓa faɗuwa 1949 har aka sa masa ƙarfe a kai bai daina ba, ranar 15 ga Afrilu 1957 jirgin kaya da yake ciki ya faɗi a Mérida jim kaɗan bayan tashi, yana da shekara 39. Ya bar fim kusan 60.

Yanzu ne zaka koma ma waƙoƙin. Fara da Cien años, ka kwafi baitocin ka sa a manhajar fassara ka karanta sau ɗaya kawai, sannan ka ajiye rubutun ka saurara.