Yadda za ka ɗauki bidiyon waƙa a Tawa, baƙar fatarmu ta fito da kyanta

Ni mai ɗaukar bidiyon mawaƙa ne a nan Tawa, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne in ga an wanke fuskar yarinya da tacen waya har ta koma fara fat. Ƙanena, in za ka fara wannan sana'a, fara da haske.

Kada ka ɗauka da tsakar rana. Ranar ƙasarmu ta Adar tana ƙone goshi, ta bar ido cikin duhu. Fita da hantsi ko bayan la'asar. Sa yaro ya riƙe farin ƙyalle daga gefe, ya maido haske a kumatu. A shafa man kaɗe kaɗan, fata za ta yi sheƙi. Wajen haɗa hoto a kwamfuta, bar launin yadda Allah ya yi shi.

Sai mata. Kada ka jera su bayan mawaƙi suna rausaya kawai. Ba mace baiti, ko ka nuna ta a bakin aikinta: matso da kyamara kan yatsun mai kitso, ko lallen da ke hannun mai dama fura. Nemi yardarta tukuna, ka faɗa mata za a gani a TikTok.

Wuri kuwa ba ya wuya. Ga tafkin Tabalak, ga filin kokuwa, tunda a nan Tawa aka fara gasar kokuwa ta ƙasa, wadda ake kira gasar takobi, a 1975. Gayyato makaɗan gaske, ka biya su. Lokacin hunturu, rufe kyamara da ƙyalle saboda ƙura.