Yadda Ake Ɗaure Filanji Ba Tare da Ya Yi Yoyo Ba

Filanji faifan ƙarfe ne mai ramukan kusoshi a kewaye, wanda ake waldawa a bakin bututu ko ya zo a jikin famfo da bawul. Shi ke ba ka damar kwance layi gobe ba sai ka yanka bututu ba. Gaskit, wato zoben da ake sawa tsakanin fuskokin filanji biyu da aka haɗa, shi ne ke tare ruwa ko gas. Aikin kusoshi su matse shi daidai ta kowane ɓangare.

Fara da karanta lambar da aka buga a gefen filanjin, wadda ke nuna ajin matsin da zai iya ɗauka. A ma'aunin Amurka na ASME B16.5 akwai aji 150, 300, 600 har zuwa 2500, na Turai kuwa za ka ga PN16 ko PN40. Kada ka gauraya su, sau da yawa ramukan ma ba sa haɗuwa.

Sai ka goge fuskokin da burushin waya, kana bin zagayen siraran layukan da ke kansu. Ƙarzanen da ya ratsa daga ciki zuwa waje hanya ce ka buɗe wa ruwa. Gaskit sabo za a sa. Wanda aka taɓa matsewa ya gama aikinsa, ko da ido ya ce lafiyarsa lau. In fuskokin ba su zauna daidai da kansu ba, gyara bututun. Masu jawo shi da kusoshi, famfonsu ne ke shan wahala daga baya.

Wajen ɗauri ne na fi ganin ana kwafsawa. A ce filanjin inci 4 ne, aji 150, mai kusoshi 8. Shafa wa zarensu maiko, ɗaure kowane noti da hannu, ka sa musu lamba da alli bi da bi a kewaye. Ɗaura na 1, tsallaka zuwa na 5 da ke fuskantarsa, sai 3 da 7, 2 da 6, 4 da 8. Da sifana mai auna ƙarfi, zagayen farko kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin ɗaurin da ake buƙata, na biyu 60, na uku cikakke. Daga nan bi su ɗaya bayan ɗaya har noti ya daina motsi, kana duba tazarar fuskokin a wurare huɗu.

Ranar kwancewa kuwa, sauke matsin layin tukuna, sannan ka fara sassauta kusoshin da ke nesa da jikinka, don in akwai ragowar matsi ya feso can.