Tsohon kan sarki: kurakuran da ke zubar masa da daraja da yadda ake kauce musu

Abin da ya fara yaudarar sabon mai tara kan sarki shi ne shekaru. Da zarar ya ga hoton Sarauniya Biktoriya a kan 'yar takarda da ta yi ja don tsufa, sai ya fara lissafin miliyoyi. Tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi. Penny Black, kan sarki na farko a duniya, wanda Birtaniya ta fara aiki da shi ranar 6 ga Mayu 1840, an buga kimanin miliyan 68 nasa, kuma mutanen lokacin suna adana wasiƙu, don haka har gobe ana samunsa a kasuwa. Wanda ya ji jiki bai wuce 'yan gomomin fam ba. Abin da ke ɗaga farashinsa shi ne farantin ɗab'i da aka buga shi da shi, musamman faranti na 11 da aka yi bugu kaɗan da shi, sai kuma yankansa. A lokacin ba a fara yi wa kan sarki haƙora ba, wato 'yan ramukan gefe da ake yage shi ta wurinsu, da almakashi ma'aikacin gidan waya ke raba shi, sau da yawa ya ci gefen zanen. Wanda farin gefensa ya fito cif a kusurwa huɗu shi ake rububi. Saboda haka kafin ka tambayi shekararsa, tambayi wane bugu ne, kuma yaya lafiyarsa.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne ɓamɓare kan sarki daga jikin ambulan. Wannan asara ce da ba ta da gyara. Kafin 1900, lokacin da Kamfanin Royal Niger ke riƙe da bakin Kwara, kan sarkin Birtaniya na yau da kullum ake mannawa a wasiƙa, sai a buga masa hatimin kamfanin a Lokoja ko Akassa ko Burutu. Shi kansa kan sarkin ba wani abu ba ne, akwai irinsa bila adadin a Ingila. Hatimin ne dukiyar, kuma yakan fi kan sarkin faɗi, rabinsa yana kan ambulan. Ka ɓamɓare, ka raba hatimin biyu, ka kuma jefar da adireshi da ranar isowa da hanyar da wasiƙar ta bi. Haka abin yake ga wasiƙar da ta fito daga Zungeru zamanin da take hedikwatar Arewa. Idan ka tarar da kan sarki a jikin ambulan ko kati, bar shi yadda ka same shi, ko da ambulan ɗin ya yage.

Sai jiƙawa a ruwa. Gaskiya ne masu tarawa na jiƙa kan sarki don su raba shi da guntun takarda, amma ba kowane iri ba. Kawunan sarkin Arewacin Najeriya, waɗanda suka fara fitowa a 1900, kamfanin De La Rue na Landan ne ya buga su, kuma da gangan ya yi amfani da tawada mai zuba, domin kada wani ya wanke hatimi ya sake aiki da kan sarkin. Shuɗi mai ratsin ja da koren da ke jikinsu ba sa shiri da ruwa ko kaɗan. Ka tsoma na kwabo ɗaya a kofi, kafin ka ankara fuskar sarauniya ta dushe, launin ya bazu zuwa farin gefe. Wasu bugun na zamanin Sarki Edward na Bakwai kuma takardarsu na da shafen alli, wanda ko goga yatsa mai gumi yana iya ɓata shi. Da hantsaki mai faffaɗan baki ake ɗaukar kan sarki, ba da hannu ba.

Mutane da yawa suna tsayawa ne a kan hoton gaba, alhali bambancin yana baya. A cikin takardar akwai ɓoyayyen tambari da aka saka tun wajen yin ta. Na Arewacin Najeriya masu hoton Edward da suka fito a 1902 suna da kambi guda ɗaya da haruffan CA a ƙarƙashinsa. Da aka sake buga su daga 1905, zane bai canja ba, amma tambarin ya koma ƙananan kambuna da CA birjik a duk faɗin takardar. A ido tagwaye ne, a kundin farashi kowanne da lambarsa da kuɗinsa. Yadda ake dubawa: kifa kan sarkin a kan baƙin faranti, ka ɗiga masa ruwan duba tambari da dillalai ke sayarwa, wanda ke bushewa nan take bai taɓa gam ba, tambarin zai bayyana na 'yan daƙiƙoƙi. Haƙora ma akwai ma'auninsu, ana ƙirga yawansu ne a cikin santimita 2. Na De La Rue na wannan zamani 14 ne. Idan gefe ɗaya ya saɓa, ko ramukan sun fita tsaf fiye da sauran, to wani ya sake huda shi don ya ɓoye rauni.

Duk abin da ya yi tsada yana da jabu. Penny Red, jan kan sarkin Birtaniya da ya gaji Penny Black, mai lambar faranti 77 ana ƙirga na gaskiyarsa da yatsu, don haka macuta kan sami mai lamba 177, wanda yake da arha, su kankare 1 ɗin. Kan sarkin fam 25 na Arewacin Najeriya, kore da ja, na 1904, shi ne sarkin tsada a wannan yanki, domin ba don wasiƙa aka yi shi ba, don biyan kuɗin hukuma ne, kuma kaɗan ne suka fita. Duk kan sarkin da aka buga wa SPECIMEN a fuska samfuri ne irin wanda ake rarraba wa hukumomin gidan waya na ƙasashe. Yana da kuɗi, amma bai kama ƙafar na ainihi ba, shi ya sa wasu ke ƙoƙarin goge rubutun. Ana kuma wanke alamar alƙalami daga manyan kawunan sarki da aka yi aiki da su a kan rasit, a shafa musu sabon gam, a sayar a matsayin sababbi. Fitila mai hasken UV, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, takan tona wannan. Canjin launi ma ana yi masa gurguwar fahimta. Kan sarkin Treskilling na ƙasar Suwidin, na 1855, da ya fito rawaya maimakon kore, kuskuren ɗab'i ne na haƙiƙa kuma guda ɗaya aka sani. Kore da ya koma shuɗi a hannunka, galibi rana ce ko sinadari, kuma wannan lalacewa ce. Duk abin da kake zaton mai tsada ne, kada ka saya kada ka sayar sai da takardar shaida daga kwamitin ƙwararru irin na Royal Philatelic Society da ke Landan.

Kuɗin da ke rubuce a kundin farashi na Stanley Gibbons ko Scott, ko Yvert ga na Nijar da sauran ƙasashen rainon Faransa, farashin sayarwa ne na mai cikakkiyar lafiya. Haƙori ɗaya ya guntule, ko bayan ya yi sirara inda aka taɓa manna shi, sai darajar ta faɗi warwas. Dillalin da zai saya a hannunka ma dole ya bar wa kansa riba. Duba abin da aka biya a gwanjo na baya-bayan nan, ba abin da wani ya rubuta yana nema a intanet ba.

Ajiya kuma ita ce ta fi cin mu a nan. Laimar damina tana narkar da gam ya manne da shafi, ta kawo fumfuna da ɗige-ɗigen tsatsa. Hunturu yana sa kan sarki ya nannaɗe, gam ɗin ya tsattsage har ya karya takardar. Salatif da gam na ofis guba ne, lamineshan kuwa kisa ne kai tsaye. Nemi kundin ajiya mai aljifai, ka jera kundayen a tsaye maimakon ɗora wani kan wani, nesa da bango da taga da inda gara ke bi. Sa 'yan ƙullin sinadarin tsotse laima a cikin akwatin, ka riƙa sauya su, kuma ka buɗe shafukan su sha iska a ranar da gari ya bushe.