Yadda za ki faɗi maganar da ta tsaya miki a maƙoshi, a gida da wurin aiki

Sai da na kai shekara 47 kafin na iya zaunar da yayana na ce masa jinyar mahaifiyarmu Hajiya ta fi ƙarfina ni kaɗai. Shekara uku ina ɗauke da abin, ni ce kai ta asibiti, ni ce sayen maganin hawan jini da na suga, ni ce kwana, gari na wayewa in tafi makaranta in tsaya gaban allo, in dawo in tarar nawa gidan ma yana jirana. Duk sanda na buɗe baki sai in tuna za a ce ai ke ce mace, ke ce kusa, sai in haɗiye. Toh ’yar uwa, mu da muka haura arba’in haka muke, iyaye sun tsufa, yara sun kai kuɗin jami’a da na aure, a ofis an ɗora mana ogan da wataƙila mun girme shi, kuma tun muna ’yan mata haƙuri kawai aka koya mana. Haƙuri gaskiya ne, amma wanda ba ki faɗa ba taruwa yake, wata rana a kan cokali ɗaya sai ki fashe, a ce kin cika faɗa, ainihin maganar kuma ta bi ruwa.

Kafin ki nemi kowa, ki zauna ke kaɗai ki tambayi kanki me kike so a yi. Ba me aka yi miki ba, wannan kin haddace shi. Ni da na zauna da biro sai na ga abu biyu ne kawai: a raba kuɗin magani tsakaninmu mu huɗu duk wata, sannan wani ya karɓi kwanan Asabar da Lahadi. In ba ki da buƙatar da za a ce eh ko a’a a kanta, ƙorafi za ki je ki yi, a ba ki haƙuri ki dawo inda kike.

Kuma magana ɗaya tak. Nan muke faɗuwa wallahi, kin zo kan kuɗin cefane sai ga zancen abin da dangin maigida suka yi miki ranar suna shekara 15 da suka wuce, mutum ya rasa wanne zai amsa, sai ya zaɓi wanda ya fi sauƙin musu. Sauran ki ajiye su, ranarsu na zuwa.

Habaici kuma ki bar shi, da gugar zana, da ɗora wa’azi a status ɗin WhatsApp don wani ya tsargu. Wanda kike nufi ba zai gane ba, ko ya gane ya yi kamar bai gani ba, waɗanda ba ruwansu su ne za su yi ta kiranki suna lafiya? Saƙon murya na minti tara ma haka, kina fushi kika yi shi kuma ana iya tura shi gaba. Waya ta neman lokaci ce kawai: “Yaya, akwai maganar da nake so mu yi a kan Hajiya, yaushe zan same ka a gida?”

Ranar da na je bayan la’asar ne, na tarar da shi a zaure, muka gaisa sosai na tambayi iyali da kasuwa, don ba a tsallake gaisuwa a faɗa kan magana. Na ɗauko ledar da na tara rasit ɗin magani na wata uku na ajiye a kan tabarma, hannuna har rawa yake. Na ce “Yaya, na san kana ƙoƙari, buhun shinkafar da kake aikowa ba ƙaramin abu ba ne. Amma ga abin da magani yake ci duk wata, albashina ba ya kai ni ƙarshen wata, kuma jikina ya fara gazawa. So nake mu raba.” Sai na yi shiru. Wannan shirun ki koye shi, da wuya, bakinki zai so ya ce amma in ba hali ba komai, kar ki bari, da kin faɗa kin rushe duk abin da kika gina. Ya daɗe yana jujjuya takardun kafin ya ce wallahi bai san kuɗin ya kai haka ba, kuma na yarda da shi, don ban taɓa nuna masa ba.

Da maigida, lokaci shi ne rabin maganar. Ba yana shigowa da gajiya da yunwa ba, ba gaban yara ba, ba gaban abokiyar zama ba. Ki kira shi da sunan da kika saba girmama shi da shi, ki faɗi abin da ya faru da yadda ya taɓa ki. “Alhaji, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin cefanen bai canja ba, ni nake cikawa, yanzu na kasa” ya fi “kai dama ba ka taɓa damuwa da mu ba” nesa ba kusa ba, don da kin ce ba ka taɓa ba, zai lalubo rana ɗaya da ya yi, shi ke nan an koma musu. Allah ma da ya aiki Annabi Musa da Haruna wurin Fir’auna cewa ya yi su faɗa masa magana mai taushi, yana nan a Suratu Ɗaha aya ta 44. Amma ki lura, taushin a harshe yake, saƙon ba a rage masa komai ba.

In kika ji zuciya ta taso, hadisi ya koyar cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai wuce ba ya kishingiɗa. Ba laifi ki ce mu ƙarasa bayan isha’i, amma ki dawo ɗin fa. Sannan tsakanin shekara 45 zuwa 55 yawancinmu al’ada ke ɗaukewa, ga zafin jiki da dare ga rashin barci ga saurin hasala, don haka kar ki ɗauko babbar magana ranar da kika kwana ba ki runtsa ba. Kar kuma ki yarda a ce miki shekaru ne kawai, in maganarki gaskiya ce gaskiya ce.

A wurin aiki takarda ce abokiyarki. Ko ƙarin girma aka tsallake ki, ko aikin mutum biyu aka jibga miki, ki shiga da kwanan wata: shekarar da aka yi miki ƙarin girma na ƙarshe, azuzuwa nawa kike ɗauka a sati, wasiƙar da kika rubuta da ranarta. Ko ogan sa’an ƙaninki ne ki ba kujerar haƙƙinta, ki ce ranka ya daɗe, kar ki fara da tun kana firamare nake aikin nan, wannan kalmar ita kaɗai ta isa ta rufe ƙofa. Ki same shi a ofishinsa shi kaɗai, ba a taron ma’aikata ba. Kafin ki tashi ki maimaita abin da aka tsayar, “wato ranka ya daɗe, zuwa ƙarshen wata za a duba fayil ɗin?”, ki koma ki rubuta ki riƙe kwafi. A yawancin aikin gwamnati shekara 35 na aiki ko 60 na haihuwa ake ritaya, matakin da kika bari ya wuce ki yanzu zai bi ki har lissafin fansho.

Wani zaman ba ya ƙarewa da daɗi, ki sa wannan a ranki. In kin gwada sau biyu sau uku da maigida abu ya ƙi, Suratun Nisa’i aya ta 35 ta ce a kawo mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginki, ki zaɓi dattijon da bakinsa ke riƙe magana. In kuwa akwai duka ko barazana, wannan ya wuce gyaran lafazi, kar ki zauna ke kaɗai da shi don tattaunawa, ki sanar da waliyyinki ko hukuma. Mu namu ya zo da sauƙi, ƙanwarmu ta karɓi kwanan Asabar, Yaya yana turo kasonsa, autanmu kuwa har yau sai na tuna masa duk wata, kuma ina kiransa in tuna masa ɗin.