Jaririn Cikin Labarinki, Watansa Nawa?

Mu da muke ɗauko taurarin wani fim ko shiri mai dogon zango mu ɗora labarinsu daga inda aka tsaya, kusan duk hanya ɗaya muke bi: a ɗaura aure, amarya ta fara kwaɗayin tsami, sai ga haihuwa. Manyan cikin labarin mun san su, mun haddace maganarsu da fushinsu. Shi kuwa yaron mu muka ƙirƙiro shi, babu inda za mu koma mu duba. Shi ya sa za ki ga jaririyar da aka yi sunanta shekaranjiya tana ƙyalƙyala dariya don ta hango babanta, ko ɗan shekara ɗaya yana cewa "Mami ki daina kuka, komai zai wuce." Duk macen da ta taɓa goyo, a nan take ajiye wayar.

Kafin komai, ki yanka wa yaron ranar haihuwa, ki rubuta a gefe, kuma duk babin da zai fito ki lissafa watanninsa. Ni da watannin Musulunci nake ɗaurewa, don labaranmu ba sa rabuwa da azumi da salla. Yaron da aka haifa a tsakiyar Ramadan, ranar babbar salla bai wuce wata uku ba. Yana murmushi, wuyansa ya fara tsayawa, amma ba za a zaunar da shi a tabarma ana miƙa masa soyayyen nama ba, tunda har wata 6 nono zalla likitoci suka ce. Katin rigakafi ma kalanda ne: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, sai ta ƙyanda a wata 9. Ga dalilin fitar da mai jego daga gida idan kina son ta haɗu da wani a hanya.

Jaririn da bai yi arba'in ba, aikinsa barci da shan nono da tumbiɗi. Yana sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare, don haka uwar da kika rubuta ta kwana tana barci mai daɗi har asuba, ba da jariri ta kwana ba. A makonnin farko kukansa babu hawaye. Ganinsa bai wuce tazarar da ke tsakanin ƙirjin uwa da fuskarta ba. Cibiya tana faɗuwa cikin sati ɗaya zuwa biyu. Murmushin da yake yi cikin barci ba na gane mutum ba ne. Wanda zai dubi fuskarki ya mayar miki sai wajen sati 6 zuwa 8, wato daidai lokacin da ake gama wankan jego. Ki adana wannan murmushin, kada ki ɓarnatar da shi ranar suna. Ya ishi babi guda.

Zama da rarrafe da tafiya suna da faɗi, kada ki takura kanki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara a Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006: zama ba jingina daga kusan wata 4 zuwa 9, tafiya ba riƙo daga wata 8 har kusan 18. Wasu yaran, kimanin 4 cikin 100, ba su yi rarrafen hannu da gwiwa ba sam. Ke nan kina da damar ba yaronki halinsa. Wani da gindi zai riƙa jan jiki, wani zai yi wata 16 bai taka ba, kaka tana ta tsegumin an cika goya shi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ya tashi daga kwance ya kama gudu. Sai ya dafa kujera ya miƙe, ya bi bango, a yi masa tatata, ya faɗi da mazaunai sau ba adadi. Haƙorin farko kuma na ƙasa ne na gaba, wajen wata 6, da dalalar yawu da cizon duk abin da ya samu.

Magana ce inda aka fi yin ɓarna, don a nan marubuciya take ara wa yaro bakinta. Gwarancin "ba-ba-ba" da "ma-ma-ma" na wata 6 zuwa 9 ba kiran kowa ba ne, ko da yake uban zai rantse da shi ake, kuma ki bar shi ya rantse ɗin, masu karatu za su yi dariya. Kalma mai ma'ana sai wajen shekara ɗaya. Haɗa kalma biyu, irin "Mama ruwa" ko "ba ni", sai wajen shekara 2, lokacin da ake shirin yaye. Ɗan shekara 3 yana jera magana, yana damun kowa da "mene ne wannan", amma ba ya wa'azi, ba ya sasanta iyayensa. Idan ya ga uwarsa tana kuka, zai miƙa mata 'yar tsanarsa ko ragowar biskit ɗin da ya tsotsa, ko shi ma ya ɓare baki. Wannan ya fi kowace doguwar magana taɓa zuciya. Tsamin baki kuwa, kalma ɗaya ko biyu ta isa, kamar "yuwa" a maimakon ruwa. Shafi guda cur na irin wannan azabtar da mai karatu ne.

Ƙiwa kyauta ce ga marubuciya, amma ba a cika amfani da ita ba. Tana farawa wajen wata 6 zuwa 9. Uban da ya yi wata biyar a ƙasar waje, ya dawo ya tarar da ɗiyarsa 'yar wata 10, ba za ta miƙa masa hannu ba. Za ta cusa kai a jikin uwarta ta tsala ihu, shi kuma ya tsaya da tsaraba a hannu.

Sai batun wayo. Yaron da bai kai shekara 4 ba bai gama gane cewa abin da ya sani wani bai sani ba, don haka ba ya riƙe sirri. Idan kishiya ta ce masa "kada ka faɗa wa Abba", da wannan jumlar zai tari Abban a bakin ƙofa. Haka kuma wanda aka raba da uwarsa yana shekara 2, da wuya ya girma yana tuna fuskarta da launin zanenta. Yawancin mutane ba sa tuna abin da ya faru kafin su kai shekara 3. Idan labarin yana buƙatar ya gane ta, ki nemo tabo, ko hoto, ko wata tsohuwa da ta san zancen.

Idan kuma bakwaini kika rubuta, ki cire watannin da ya rage a ciki daga lissafinki har ya kai shekara 2. Wanda aka haifa saura wata biyu, in ya cika wata 6, ki rubuta shi kamar ɗan wata 4.