Yadda ake amfani da fedar dile a jita ba tare da an dagula kiɗa ba

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a Kano ya san eko, wannan da DJ yake sa wa makirufo har MC ya ce "amarya" kaji ya...ya...ya tana ta dawowa. To fedar dile, wato ƙaramar na'urar da mai jita yake takawa da ƙafa, haka take aiki a jita, ka taɓa tsirkiya sau ɗaya ita kuma ta maimaita maka sautin bayan ɗan lokaci. Ni kam a wurina dile ɗan amshi ne. Kai ne mai bada waƙa shi yana karɓa, kuma ka san ɗan amshin da ya fi ubangidansa ɗaga murya ko yake shigowa ba kan gaɓa ba ɓata waƙa kawai yake. Abin yana damuna sosai idan naga yaro ya tara kuɗi ya sayi feda mai kyau amma sautinsa ya koma kamar ana magana a cikin rijiya, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ka fara da jona wayoyi daidai. Daga jita waya ta shiga fedar da take sa sauti ya yi gurnani, wato distoshan ko obadiraif in kana da ita, daga nan ta shiga dile, sannan ribab, wato mai sa sauti ya yi kuwwa kamar a cikin babban ɗaki, in akwai, sai amfilifaya. In ka sa dile kafin distoshan duk amshin zai haɗu ya cakuɗe. Wuta kuma yawancin fedojin nan irin na kamfanin Boss volt 9 suke sha kuma tsakiyar bakin cajar negatib ne, don Allah kar ka ɗauko cajar wani abu ka cusa don kawai bakin ya shiga, ka duba rubutun jikinta. Batir yana yi amma dile na dijital shanye shi yake da wuri.

Sai ka san abubuwan murɗawa guda uku. A jikin Boss DD-3 zaka ga D.TIME, shi ne tsawon jiran da amshi zai yi kafin ya dawo, ana auna shi da milisakan, guda 1000 ne sakan ɗaya. F.BACK shi ne sau nawa zai maimaita. E.LEVEL kuma ƙarfin muryar amshin. A fedar MXR Carbon Copy sunayen DELAY, REGEN da MIX ne amma aikin ɗaya. DD-3 tana kaiwa milisakan 800, Carbon Copy 600, kuma ita Carbon Copy analog ce, amshinta yana dusashewa yana yin laushi duk maimaici, ita kuwa dijital tana dawo maka da sautin tas kamar yadda ka buga shi, har kuskurenka.

Salo na farko da zan so ka gwada shi ne gajeren amshi, wanda turawa ke kira silapbak. Ka sa lokaci tsakanin milisakan 80 zuwa 120, maimaici ɗaya tak, ƙarfi kamar rabi. Ba zaka ji shi a matsayin eko ba sosai, kawai jitar zata yi kauri. Wannan sautin ya yi suna ne a sutudiyon Sun da ke Memphis a Amurka cikin shekarun 1950, inda Sam Phillips yake yinsa da tef a faifan Elvis Presley na farko. In kana raka mawaƙi ne wannan ya wadatar da kai a waƙoƙi da yawa.

Yanzu ga inda aikin yake, daidaita dile da gudun kiɗa. Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa saboda da kunne kawai suke murɗawa, alhali lissafi ne mai sauƙi. Ka tambayi mai fiyano BPM nawa ya sa kiɗan, wato bugu nawa a minti ɗaya, yana nan a rubuce a sikirin ɗinsa, sai ka raba 60,000 da wannan adadin. In 120 ne ka samu milisakan 500, wato amshi zai faɗo daidai kan bugu na gaba. In 100 ne 600. Wannan shi ya dace da solo mai jan rai, maimaici uku ko huɗu, ƙarfin ka rage shi ƙasa da na jitarka sosai ya zama yana bayanka ne kamar inuwa.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne ka ɗauki kashi uku cikin huɗu na wannan adadin, a 120 ya zama 375, a 100 ya zama 450. Ka ƙara ƙarfin amshi ya kusa kai na jitar, maimaici ɗaya ko biyu, sai ka riƙa buga tsirkiya sau biyu a kowane bugu, a tsaye ba sauri ba lanƙwasa, kana ɗan danne tsirkiyoyin da gefen tafin hannunka na dama don sautin ya zama gajere. Amshin zai riƙa faɗawa a tsakankanin bugunka ya cike gurbin, mai sauraro ya ɗauka yatsunka gudu suke ko kuma mutum biyu ne ke kaɗawa. The Edge na ƙungiyar U2 da wannan aka san shi. Wahalar ɗaya ce, dole hannunka ya zauna daram, in ka yi gaba ko baya kaɗan komai ya rikice, don haka ka kunna bit a waya kayi ta yi a hankali tukunna, ka fara da tsirkiya biyu kawai. Kuma tunda kiɗanmu da yawa uku-uku yake tafiya musamman masu salon kalangu, in kaji 375 ɗin yana faɗa da kiɗan, ka raba bugun uku ka ɗauki kashi biyu, a 120 wajen 333 kenan.

In fedarka tana da tap tempo kamar DD-7, da ƙafa zaka riƙa taka ta kan bugu ta kama gudun da kanta, wannan ya fi in da mai ganga kuke don shi ɗan adam ne gudunsa yana motsi.

Akwai kuma wasan 'yan kiɗan dub na Jamaika irin su King Tubby, su a kan na'urar haɗa sauti suke yi amma da feda ma yana yiwuwa. Ka buga kod ɗaya gajere, wato tsirkiyoyi da dama a tare, ka ɗaga maimaici sama ka bar shi yana ta tafiya, in analog ce ka murɗa lokaci kaɗan sautin zai lanƙwashe. Sai dai hannunka ya kasance a kan abin murɗawar, in ya wuce gona da iri fedar zata fara kuka da kanta tana ƙara ƙarfi, ka mayar da shi ƙasa nan take saboda sifika da kunnen jama'a.

Wurin da zaka yi wasa ma ka duba shi. Saitin da ya yi daɗi a ƙaramin sutudiyo mai soso a bango a Zoo Road ba zai yi ba a katon holin biki mai tayil da rufin kwano, don ginin da kansa yana amsa kuwwa. Ka je da wuri kafin mutane su cika, ka sa abokinka ya tsaya can ƙarshen holin ka buga masa, in yace baya rabe bugu da amshi ka rage maimaici tukunna, in bai gyaru ba ka rage ƙarfi, ribab kuwa a irin wannan wurin kashe shi nake gaba ɗaya.